Wutar Motocin Soja: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk wanda ya san yammacin Jihar Katsina ya san cewa garuruwan da ke bakin dajin Rugu, tun daga ƙasar Jibiya, a biyo ta Batsari da Safana har a dangana da Ɗanmusa, sun yi shekaru masu yawa suna barci da ido ɗaya saboda ɓarayin daji. Mutanen Karare, wadda take ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Batsari, da na Ruma da Wagini da Runka, ba sai an ba su labarin abin da ƙarar babura cikin tsakar dare take nufi ba. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar, kuma wannan ɗaya ne kawai daga cikin hare-haren da suka raba manoma da gonakinsu, suka tura mata da yara gudun hijira cikin garin Batsari.

Ba za a ce hukuma ta naɗe hannu ba. Rundunar Sojan Nijeriya ta ƙaddamar da farmakin Sharan Daji, daga baya na Hadarin Daji a 2019, sa'an nan a 2020 ta kafa babban sansani a Faskari. A watan Oktoba na 2023 kuma Gwamna Malam Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, aka ba ta motocin sulke da ƙananan motocin sintiri da babura. A irin waɗannan ranaku akan jera motoci sababbi ful a fili, a yi jawabi, a ɗauki hoto, a miƙa mabuɗai. To amma tambayar da ba a cika yi ba ita ce, bayan damina biyu, guda nawa ne daga cikin motocin nan za su tashi da zarar an murɗa mabuɗi?

Wannan tambaya ta cancanci a tsaya a kanta, domin kukan da aka fi ji daga bakin mutanen ƙauyuka shi ne agaji yana zuwa bayan ɓarayi sun gama ɓarnarsu sun koma daji. Dalilan jinkirin suna da yawa, akwai nisa, akwai rashin hanya, akwai ƙarancin jami'ai, akwai kuma rashin isar labari da wuri. Amma ko an kawar da waɗannan duka, motar da ta ƙi tashi ta ɓata sauran shiri. Kuma duk wanda ya zauna da makanikai ya san cewa sau da yawa abin da yake kwantar da mota bai kai girman lalacewar inji ko giya ba. Waya ce ta tsinke, ko kan batir ya yi tsatsa, ko fiyus ya ƙone. Saboda haka wajibi ne masu tsara kasafin kuɗi da masu ba da kwangila su san cewa sana'ar binciken lahanin wutar mota wani sashe ne na tsaron ƙasa, su kuma ba ta matsayin da ya dace da ita.

Yana da kyau a fara da sanin yadda wutar babbar motar soja take. Ƙananan motoci irin su Hilux suna aiki da batir guda mai ƙarfin bolt 12. Manyan motocin ɗaukar dakaru da motocin sulke kuwa galibi bolt 24 suke amfani da shi, watau batir biyu ne aka haɗa a jere, ƙarfin wannan ya hau kan na wancan. Daga batir wuta takan bi ta fiyus da makunni zuwa abin da za ta yi wa aiki, kamar kik mai tayar da inji, ko fitila, ko rediyon oba-oba, sa'an nan ta komo wa batir ta cikin ƙarfen jikin motar. Wannan hanyar komowa ita ce makanikai suke kira at. Idan inji ya tashi, altaneta ce take mayar wa batir abin da ya kashe. In dai wannan zagaye ya katse a ko'ina, ko da a kan noti guda ne, to abin da ke ƙarshensa ya mutu.

Ƙasar Batsari da Safana kuwa kamar an yi ta ne domin gwada ƙarkon wannan zagaye. Hanyoyin burji masu gargada suna girgiza mota tun safe har dare, notuna su kwance, ɗaurin wayoyi ya riƙa gugar gefen ƙarfe har robar da ta rufe su ta cinye. Da bazara zafi yakan haura digiri 40, ruwan batir ya ƙafe da sauri, robar waya ta bushe ta tsattsage. Da hunturu ƙura takan shige cikin kowane soket. Da damina kuma, in mota ta ƙetare rafi, ruwa ya tarar da ƙurar nan, sai su haɗu su zama laka mai jawo tsatsa. Har ila yau motar da ta kwana a sansanin daji kusa da buhunan abinci ba ta tsira daga ɓeraye ba, waɗanda ke jin daɗin gaigayar wayoyi a cikin ɗumin inji. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma a wannan ƙasa bangon waya ba ya daɗewa bai tsage ba.

Lahanin wuta dai iri uku ne. Na farko, waya ta yanke gaba ɗaya, wuta ta rasa hanya. Na biyu, wayar da ta kware ta taɓa ƙarfen mota, wuta ta sami gajeriyar hanya ta kwarara da yawa, fiyus ya ƙone. Na uku, wanda ya fi wahalar da masu gyara, shi ne hanya tana nan amma ta ƙuntata, saboda tsatsa, ko sakwarkwacewar noti, ko kuma yawancin silin jan ƙarfen da ke cikin waya sun tsinke saura biyu ko uku. A irin wannan hali in an ɗora mita ba tare da an kunna komai ba, za ta nuna wuta cikakkiya, mai gyara ya yi zaton lafiya lau. Amma da zarar an murɗa mabuɗi, kik ya nemi ɗaruruwan amfiya a lokaci guda, sai 'yar ƙunƙuntar hanyar nan ta kasa, a ji ƙas-ƙas kawai. Nan ne wanda bai ƙware ba yakan yanke hukunci cewa batir ya mutu ko kik ya ƙone, a rubuta takardar neman sabo, mota ta zauna mako da makonni tana jiran sito, alhali kuwa abin da take bukata shi ne a kwance wayar at, a kankare wurin har ya yi ƙyalli, a ɗaure da kyau.

Shi ya sa ƙwararren mai gyara ba ya fara aiki da kwance kaya. Da tambaya yake farawa: yaushe abin ya soma, bayan an shiga ruwa ne ko bayan an yi wa motar walda, kullum ne ko sai a kan gargada. Sa'an nan ya auna batir. Batir mai bolt 12 da ya cika ya huta yakan nuna kamar 12.6, in ya sauko zuwa 12.0 to yawancin cajinsa ya tafi. A babbar mota tilas a auna kowanne daban, domin ɗaya yana iya mutuwa ɗan'uwansa ya rufa masa asiri. In inji yana aiki, altaneta mai lafiya takan ba da kamar bolt 14 a ƙaramar mota, kamar 28 a babba. Bayan wannan sai ya duba kawunan batir da wayar at, ya auna yawan wutar da ke ɓacewa tsakanin bakin waya da ƙarshenta a daidai lokacin da ake murɗa mabuɗi. In asarar ta wuce kamar rabin bolt a kan babbar wayar kik, to ɓarawon yana nan. In lahanin yana cikin doguwar hanya ne, sai ya buɗe taswirar wayoyin motar, ya raba hanyar biyu, ya gwada tsakiya, ya san ko gaba ne ko baya, ya sake rabawa, har ya ritsa shi a wuri guda. In kuwa lahanin mai zuwa ne yana tafiya, sai ya riƙa girgiza ɗaurin wayoyin da hannu yana kallon mita. Babu tsafi a cikin wannan aiki, tsari ne da haƙuri, kuma kayansa ba su wuce cikin ƙaramar jaka ba.

Abin baƙin ciki shi ne yawancin ɓarnar da ta fi tsada ba hanya ce take yin ta ba, hannun mutum ne. Fiyus an yi shi ne domin ya mutu a madadin motar. In ya ƙone, ya ba da labari ke nan cewa akwai waya da ta taɓa ƙarfe. Wanda ya cire shi ya cusa takardar azurfar kwalin taba, ko ya murɗa silin waya a gurbinsa, ya kashe ɗan aike ne ya bar maƙiyi a cikin gida, kuma ranar da wayar ta sake taɓawa, ɗaurin wayoyin ne gaba ɗaya zai kama da wuta. Haka nan jami'in da yake son cajin wayar hannu ko tocila a daji yakan jona a kan batir ɗaya daga cikin biyun domin ya sami bolt 12. Wannan batir sai ya riƙa yunwa, ɗan'uwansa kuma ya riƙa cin caji fiye da kima, ba a jima ba duka biyun su lalace. Maganin wannan ɗan akwati ne mai sauke wuta daga 24 zuwa 12, wanda kuɗinsa bai kai na batir guda ba. Ga kuma al'adar haɗa waya da murɗawa a naɗe da salatef, da huda robar waya da allura domin gwaji a bar ƙofa ga ruwa, da sayen waya mai araha wadda cikinta alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe.

Zamani kuma ya ƙara wa lamarin nauyi. Tsofaffin manyan motocin dizal, in sun tashi, famfonsu na ƙarfe ne yake raba mai, ba ruwansu da wuta sosai, in batir ya mutu a tura su ko a ja su su tashi. Motocin yau kuwa ƙwaƙwalwar lantarki ce take sarrafa mai, tana karɓar saƙo daga na'urori masu yawa ta kan tagwayen wayoyi, bisa wani tsari da kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1986. Da yawa daga cikin motocin sulke giyarsu mai sarrafa kanta ce, ba a tayar da su da turi. Tsofaffin dabarun gareji, kamar cire kan batir inji yana aiki domin a ga ko altaneta tana caji, ko yin walda a jikin mota ba tare da an raba ta da batir ba, ko ba ƙaramar mota wuta daga babba, kowanne daga cikinsu yana iya ƙone ƙwaƙwalwar cikin ƙiftawar ido. Wannan kuwa ba a samun ta a kasuwar Batsari, wani lokaci ma ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ba a samu, sai an yi odar ta daga ƙasar waje.

A nan ne ya kamata ma'aikatan gwamnati su waiwayi baya. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna. A cikin shekarun da suka biyo baya aka sami ta Steyr a Bauci, da ta Fiat a Kano, da ta Leyland a Ibadan, da ta Marsandi a Inugu wadda ta fara aiki a 1980. Ko me za a faɗa game da yadda waɗannan masana'antu suka ƙare, sun yi wani amfani guda da ba a cika ambata ba: sun sa motocin gwamnati sun zama iri kaɗan, kayan gyaransu sun wadata, makanikai kuma sun san su ciki da waje. Yau kuwa a sansani guda ana iya samun motar Japan da ta Sin da ta Turai da ƙirar gida, ga kuma irin motocin sulke 24 da Amurka ta ba Nijeriya a Janairun 2016 bayan sojojinta sun yi aiki da su. Kowace da taswirarta, da irin soket ɗinta, da na'urar da ke karanta ƙwaƙwalwarta. Mai gyara guda, komai ƙwarewarsa, ba zai haddace su duka ba.

Wani zai ce wannan ƙaramar magana ce in aka kwatanta da batun makamai da jiragen sama da albashin dakaru. Amsar ita ce bindiga da harsashi da soja duka a cikin mota suke isa Karare. Ingila ta fahimci haka a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya sa a 1942 ta kafa runduna ta musamman ta injiniyoyin lantarki da na inji. Sojan Amurka kuma tun daga 1951 suka yi shekaru fiye da sittin suna buga wata 'yar mujalla mai zane-zane mai suna PS, wadda aikinta kawai shi ne koya wa ƙaramin soja yadda zai kula da kayan da ke hannunsa. Nijeriya ma tana da irin wannan runduna ta injiniyoyi, da makarantarta a Auchi ta Jihar Edo, ga kuma Hukumar Ƙera Makamai da aka kafa a Kaduna tun 1964, wadda a 2019 aka nuna motar sulke ƙirar gida mai suna Ezugwu da aka yi da hannunta. Watau tushe yana nan. Abin da ake bukata shi ne ilmin nan ya sauko daga manyan garejoji ya isa ƙaramin sansanin da ke bakin daji.

Wani kuma zai ce ai tun farkon 2025 aka yi zaman sulhu a Batsari, don haka gaggawar ta ragu. To mutanen wannan yanki sun ga sulhu a 2016, sun sake ganin wani a 2019, sun kuma ga abin da ya biyo baya. Kowa yana fatan wannan karon zaman lafiya ya ɗore, amma lokacin sauƙi shi ne lokacin gyara. Bugu da ƙari, motar da aka ajiye ba a tayarwa ta fi saurin lalacewa ta fuskar wuta, domin batir yana zubar da cajinsa a hankali ko ba a taɓa shi ba, in ya daɗe a haka kuma ba ya sake karɓar caji yadda ya kamata.

Saboda haka akwai abubuwan da ya kamata a yi, kuma babu mai tsada a cikinsu. Da farko, kada a sa hannu a kan kwangilar sayen mota sai an rubuta a ciki cewa ɗan kwangila zai kawo taswirar wayoyi, da littafin gyara, da na'urar karanta ƙwaƙwalwa, da kayan gyara na wani wa'adi, ya kuma horar da waɗanda za su riƙe ta. Ma'aikacin da ya karɓi mota ba tare da waɗannan ba ya karɓi rabin kaya ne ya biya kuɗin duka. Na biyu, gwamnatin jiha, in za ta saya wa jami'an tsaro motoci, ta tuntuɓi injiniyoyinsu tukuna, ta tsaya a kan iri ɗaya ko biyu. Na uku, a ware kuɗin kula da motoci a cikin kasafi da sunansa, a kuma sake shi a kan lokaci, domin ɗan abin da za a kashe a kan fiyus da waya da kan batir bai kamata ya bi doguwar hanyar fayil ɗin da sayen sabuwar mota yake bi ba.

Na huɗu, kowace mota ta kasance da littafinta, inda za a rubuta ranar da aka sa mata batir da kowane gyara da aka yi, kuma kowane direba ya san dubawar minti goma kafin fita: kawunan batir, ruwan batir, wayar at, bel ɗin altaneta, fitilu da rediyo. A fassara wannan jeri zuwa Hausa da zane-zane, musamman saboda 'yan rundunar tsaron al'umma, waɗanda yawancinsu 'ya'yan ƙauyukan nan ne. Na biyar, kowane sansani ya sami aƙalla mutum guda da ya iya aiki da mita da taswira, da jakar kayansa. Ba a cewa a buɗe motocin yaƙi ga kowane gareji na bakin titi, domin akwai sirrin da tilas a kiyaye. Amma motocin sintiri na jiha ba su da irin wannan sirri, kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina da makarantun koyon sana'a na jihar za su iya shirya gajeren kwas domin masu kula da su.

Ɗalibai ma akwai rabonsu a cikin wannan magana. An daɗe ana kallon mai wayarin ɗin mota a matsayin wanda boko ya gagara, alhali aikinsa a yau yana bukatar lissafi da karatun taswira da sanin kwamfuta fiye da aikin ofis da yawa. Dokar Om da ɗalibi yake haddacewa domin jarrabawa, wadda take bayyana dangantakar ƙarfin wuta da yawanta da ƙuncin hanyarta, ita ce dai mai gyara yake aiki da ita sa'ad da ya ɗora mita a kan wayar kik. Saurayin da ya haɗa takardar shaida da ƙwarewar hannu ba zai rasa abin yi ba, ko a soja, ko a ma'aikatar ayyuka, ko a asibitin da motar ɗaukar marasa lafiyarsa take kwance, ko a wurin taraktocin noma, domin ciwon duka iri ɗaya ne.

Manomin Karare bai san bolt ba, bai san altaneta ba, kuma ba a nemi ya sani ba. Abin da yake nema shi ne in an kai labari sansani, a ji ƙugin mota a kan hanya tun kafin a kora masa shanu a wuce da iyalinsa. Haƙƙin tabbatar da wannan yana wuyan kwamandan da ke duba motocinsa, da akawun da ke riƙe da fayil, da jami'in da ke sa hannu a kan kwangila. Ya kamata daga yanzu duk rahoton da za a miƙa wa Gwamna ko Majalisa game da motocin tsaro ya ƙunshi lissafi biyu, adadin waɗanda aka saya da adadin waɗanda suke tashi, a kuma tambayi wanda abin ya shafa dalilin bambancin da ke tsakani.